Ranar da Saje Solomon Ya Tafi Ɗauko Fijon Surukinsa

A Zuru da wuya ka shiga gida ka rasa tsohon soja, kuma yawancinsu in sun dawo sukan rataye hula su koma gona, ba ka jin labarin yaƙi a bakinsu sai ka matsa. Saje Solomon kuwa ba sai an matsa ba. Shekara ashirin da shida ya yi yana busa bigila a bariki, ya tashi sojoji da safe, ya sallame su da yamma, amma tun da ya yi ritaya bigilar ta fice daga labarin. Abin da ya rage shi ne tankar yaƙin da ya tuƙa a Laberiya, da gadar da ya tsallaka da ita tana cin wuta, da wani janar da ya rungume shi yana hawaye. Matarsa, Malama Leah, mai koyar da aji huɗu a firamare, ta san kusancinsa da Laberiya bai wuce tashar jirgin ruwa ta Legas ba, inda ya busa wa masu tafiya. Ba ta taɓa gyara masa a gaban mutane ba. Jan bironta a makaranta take barinsa.

Abu ɗaya ne ke rage wa Saje tsawo. A zamanin da ya nemi Leah, saurayi kan yi golmo, wato ya yi shekara bakwai yana noma a gonar uban yarinya kafin a ba shi ita. Solomon yana bariki a lokacin, sai ƙannensa suka yi masa noman, shi kuma ya iso ranar biki cikin kaki mai guga ya ɗauki amarya. Dangin Leah ba su manta ba. Ƙaninta Ishaya, in sun gaisa, sai ya juya tafin hannun Saje ya duba, ya ce, "Har yanzu kamar na jariri."

Mahaifin Leah, Baba Ezekiel, tsohon hedimasta a Ribah, ya rasu bayan Ista ta shekarar 2004, ya bar mata farar Fijonsa. Motar nan tana da sirri. Shekarun baya Saje ya taɓa aronta, ya dawo da ita da fitila ɗaya da warin akuya. Washegari Baba ya kira makanike ya sa masa wani ɗan maɓalli a ƙarƙashin kujerar direba, wanda in ba a danna shi ba, ko hannunka zai karye wajen murɗa makulli ba za ta tashi ba. Ya nuna wa Leah da Ishaya, sa'an nan ya sa Leah ta yi alkawari. "Ko bayan raina," in ji shi, "kada mijinki ya san wurin nan."

Ranar jana'iza Saje ya shiga motar a gaban masu ta'aziyya, ya murɗa makulli sau tara, ya fito ya cire hula ya sanar cewa injin ya bi mai shi. Ya jefa makullin a aljihu domin tsaro, kuma tun daga ranar makullin bai fito ba.

Sai ga bikin 'yarsu Gladys ya taso a watan Oktoba.

"Baba, ni roƙona ɗaya ne," in ji Gladys. "A kai ni coci cikin motar Kaka."

"Ka ba Ishaya makullin ya duba ta," Leah ta ce, tana tsintar shinkafa ba ta ɗaga kai ba.

"Ishaya? Mutumin da bai san fulogi da murfin kwalba ba? Maman Gladys, ni na tabbatar da mutuwar injin nan. Irin wannan mota ɗaukarta ake yi, kamar sojan da ya ji rauni."

Nan take ya zayyana shirinsa. An biya shi bashin fanshonsa, zai sayi a-kori-kura ta hannu, ya ɗaura mata tirelar ɗaukar mota, ya ɗauko Fijo ranar Juma'a, ya farfaɗo da ita cikin awa biyu, ranar Asabar ta ɗauki amarya. Daga nan kuma sai kamfani: Rundunar Ceton Motoci ta Saje Solomon, daga Zuru zuwa Ribah, Wasagu, har Bena.

"Mutanen Wasagu a babur suke yawo," in ji Leah.

"Za su sayi motoci in sun ji akwai mai ceto."

Leah ta dubi 'yarta, ta tuna alkawarin da ta yi wa mahaifinta, ta ci gaba da tsintar shinkafa. Tsakuwar da ta ciro a ranar ta fi ta kullum yawa.

Ranar sayen mota Saje ya sa tsohuwar hularsa ta soja, ya maƙale sanda a hammata. Leah ta bi shi, ba don an gayyace ta ba. A-kori-kura biyu ne na sayarwa a bayan tasha.

Ta farko ta Alhaji Mode ce, wani ɗan kasuwar hatsi daga Bena, wanda ya sayi babbar mota yake son rabuwa da ƙaramar. Ba mai iya rantsuwa a kan launinta na asali. Ƙofa ɗaya da waya aka ɗaure ta, gilashin baya kuwa kwali ne. Amma Alhaji na taɓa makulli ta amsa, injin ya zauna yana gurnani ƙasa-ƙasa.

"Wagga mota ba ta da kyawu, ban ɓoye maka," in ji Alhaji Mode. "Amma dizal taka sha, ƙafa huɗu taka ja. Buhu ashirin na dawa nika aza mata, ta hau tudu ba ta ko tari. Duƙa ka gani, ga ƙugiyar ja nan a jikin shasi. In dai mota za ka ja, ita ce."

Saje bai duƙa ba. Babba ba ya duƙawa a wurin duba fareti. Ya zagaya ta a hankali, hannu a baya, ya shafa yatsa a jikin ƙofa ya nuna wa Alhaji daudar. Ya ƙwanƙwasa taya da sanda. Sa'an nan ya tsaya a gabanta.

"Danna hon."

Alhaji ya danna. Abin da ya fito ya yi kama da kukan agwagwar da aka taka.

Saje ya runtse ido kamar an soka masa allura. "Alhaji, ni ba na ɗaukar kurtu mai irin wannan murya."

"Da hon za ka ja motar?"

"Ba za ka gane ba. Kai farar hula ne."

Ta biyun ta wani dillali ce mai suna Lawwali. Ja ce, tana sheƙi har ana ganin fuska a jikinta. An ajiye ta can a saman gangaren da ke bayan tashar, hancinta na kallon ƙasa, da dutse a gindin tayar gaba. Leah ta dubi dutsen. Ta dubi sabon yashin da aka watsa a ƙarƙashin injin, wanda tsakiyarsa ya riga ya yi baƙi.

"Malam Lawwali, me ya sa ka ajiye ta nan sama, ga fili a ƙasa?"

"Don ta sha iska, Malama."

"Yashin nan fa?"

"Tsabta ce."

"Ta taɓa jan kaya?"

Lawwali ya juya wajen Saje, domin ya gane inda ƙasa ta fi laushi. "Yallaɓai, kai da ka tuƙa tanka, ni ne zan tsaya ina yi maka bayanin mota? Taɓa hon ɗin nan kawai ka ji."

Saje ya taɓa. Murya uku ta fito a jere, ta hau, ta ƙara hawa, ta sauka a hankali. Leah ta ga diddigen mijinta sun haɗu da kansu, ƙirjinsa ya taso, idonsa ya kawo ruwa. Ta san ciniki ya faɗa, saura surutu.

Aka shiga gwaji. Lawwali ya ture dutsen da ƙafa, ya yi tsalle ya shige, motar ta gangara, ya saki kuloci, ta yi tari ta tashi. Suka bi gangare har ƙarshensa.

"Mu koma ta hawan mu ga yadda take yi," in ji Leah.

"Mai ya yi ƙasa, Malama."

"A kashe ta a nan a sake tayarwa, to."

"Maman Gladys," Saje ya ce, "an gama duba fareti."

Daga nan sai wajen Dawuda mai walda, wanda yake da wata tirela da ya ƙera da gatarin tsohuwar mota, yana ba da ita haya. Dawuda ya shiga ƙarƙashin jar motar, ya jima, ya fito da ɓarɓashin tsatsa a gashinsa.

"Saje, in na sa wuta a shasin nan narkewa zai yi kamar kitse. Ba inda zan kafa ƙugiya."

"Kafa ta a bamba."

"Bamba ado ce, Saje. Ƙusa huɗu ke riƙe da ita, biyu ma ba nata ba ne."

"Umarni na ba ka, ba shawara na nema ba."

Dawuda ya dubi Leah. Leah ta dubi sama. Dawuda ya kunna wuta.

Safiyar Juma'a aka gano wani abu game da ƙofar gidan Saje da ba wanda ya taɓa lura da shi: shimfiɗe take kamar faranti, babu gangare ko na taku ɗaya. Saje ya murɗa makulli, motar ta ce ƙyas, ta yi shiru. Ya sake murɗawa. Ko ƙyas ɗin ba ta maimaita ba. Ya danna hon don ya tabbatar tana da rai, unguwa ta fito.

Tasalla mai ƙosai, wadda kaskonta ke fuskantar gidan shekara goma, ta karanta rubutun da aka yi a jikin ƙofar motar da babbar murya, harafi bayan harafi. "Rundunar Ceton Motoci. To, Saje, ita wa zai cece ta?"

"Injin yana sabawa da sabon hannu ne."

"Tankar Laberiya ma da turi take tashi?"

"Ki kula da ƙosanki, yana ƙonewa."

"Nawa dai ya kama wuta."

Maza shida suka tura motar da tirelarta har bakin titi kafin ta yarda. Saje ya leƙo ta taga ya sara musu, bai ce ya gode ba. Leah na zaune a gefensa da jakarta a cinya, ta ƙudurta cewa duk abin da zai sami motar mahaifinta, gara ya same ta a gaban idonta.

Sun isa Ribah da hantsi. Saje ya ba da doka cewa kada wanda ya kusanci makullin a-kori-kura, domin a aikin ceto ba a kashe inji. Haka ta tsaya a ƙofar gidan marigayi tana karkarwa tana feshin hayaƙi, kaji suka bar unguwar.

Fijo na cikin rumfarta, fara sol, Ishaya yana goge ta kowace Lahadi. Matashin da mahaifiyarsu ta ɗinka yana nan a kujerar direba. Leah ta ja ƙaninta gefe.

"Ishaya, motar can ba za ta kai ta ba. Ka ce masa wani abu."

"In ce masa me, Yaya? Makulli na aljihunsa, maɓalli kuma Baba ya hana."

"In wani abu ya sami motar nan..."

"Yaya, shekara ashirin da biyar muke jiran mutumin nan ya yi wa gidan nan aiki. Yau ya zo da kansa. Ki bar shi ya yi gumi."

Sai dai Saje bai zo yin gumi ba. Aka jingina katakai biyu a bayan tirela, maƙwabta suka kama turin Fijo, shi kuwa ya hau kan turmi yana ba da umarni da sanda. Hagu, dama, tsaya, ci gaba. Sau biyu umarninsa ya kusa jefa motar a kwata, sai da suka daina saurarensa ta hau. Aka ɗaure ta da igiyar shanu. Bayan a-kori-kura ya zauna har bambar na shinshinar ƙasa, hancinta ya ɗaga sama kamar mai roƙon ruwa.

"Haka ta saba zama?" Ishaya ya tambaya.

"Shirin tsalle ne," in ji Saje.

Suka kama hanya su uku a gaba, Leah a tsakiya. Kafin su bar garin tururi ya fara fitowa ta gefen bonet. Suka tsaya a rafi, Ishaya ya ɗebo ruwa ya zuba a lagireto, inji na tafiya. Suka tsaya a rafi na biyu. A na uku motar da kanta ta rage gudu tun daga nesa, kamar jakin da ya san mashaya. 'Yan kabu-kabu suna wuce su suna waiwaye. Wani dattijo a kan keke, da buhun gawayi a baya, ya wuce su, ya tsaya ya yi fitsari, ya sake wuce su, ya ce musu sannu da hanya.

"Saje, a ba shi saƙo ya ce wa Gladys muna tafe?" in ji Ishaya.

"Ayarin soja ba ya gudu. Mai gudu shi ke faɗawa kwanton ɓauna."

"Ko kunkuru ne ya yi mana kwanto, ya gaji ya tafi gida."

Wani wari ya cika motar, irin na tukunyar da aka manta a wuta. Leah ta san warin kuloci ne, domin mahaifinta ya koya mata tuƙi tun tana kwalejin horon malamai, kuma ita ta riƙa kai shi asibiti a watanninsa na ƙarshe, lokacin da Saje ke Kaduna yana bin layin tantance 'yan fansho. Ba ta taɓa faɗa masa ba. Bai taɓa tambaya ba.

La'asar ta yi suka iso hawan ƙarshe kafin a shiga Zuru. A gindin hawan akwai mahaɗa inda masu gasa masara ke zama, da inuwar da 'yan kabu-kabu ke jiran fasinja. Ranar kuma, cikin ikon Allah, zumuntar mata ta cocinsu ta taso daga koyon waƙoƙin bikin Gladys, su kusan talatin cikin zane iri ɗaya, sun tsaya sayen masara da tulunan kiɗansu a hannu.

Saje ya gan su, ya gyara hula.

"Baban Gladys, ka sa giya ɗaya tun daga nan," Leah ta ce a hankali.

"Ke me kika sani a giya?"

Ya shiga hawan a giya uku. Ya danna hon, murya uku ta tashi, mata suka juyo suka ɗauki guɗa. Ya saki sitiyari ya sara musu da hannun dama. A daidai tsakiyar hawan motar ta fara shaƙewa, ya sauke hannun sarawa ya cafko giya, giyar ta yi ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, injin da bai huta ba tun safe ya ga dama ta samu, ya mutu.

 Sa'an nan itatuwan gefen hanya suka fara tafiya gaba.

"Baya muke yi," in ji Ishaya.

"Ja da baya ne na dabara."

"Taka birki, Saje."

"Na taka."

"Ƙafarka na ƙasa, na gani. Birkin nake tambaya."

Ishaya ya buɗe ƙofa ya dire. 'Yan kabu-kabu suka watsar da babura suka rugo, kowa da dutse a hannu, suka yi ta cusawa a gindin tayoyin a-kori-kura. Dutse na huɗu ya kama. Motar ta tsaya cak.

Bambar ce ba ta tsaya ba. Ƙusoshin nan huɗu, har da biyun da ba nata ba, suka yi sallama da motar a lokaci ɗaya. Tirela ta ci gaba da gangarawa da Fijo a bayanta, tana jan bamba a ƙasa, wuta na tartsatsi.

Leah ta fito ta tsaya a tsakiyar titi. Ba ta yi ihu ba. Tana kallon farar motar mahaifinta tana tafiya da baya, babu kowa a ciki, fitilunta biyu na kallonta. Mata suka dare gida biyu, mai masara ta kwashi kaskonta. Tirelar ta karkata a gindin hawan, ta tsallake ɗan kwalbati, ta kutsa cikin wata gonar dawa da ta kusa isa girbi, ta kwantar da kara kamar ana shimfiɗa tabarma, har ƙasa mai laushi ta riƙe tayoyinta. Ta tsaya, gindinta a ƙasa.

Leah ta taka zuwa gonar, ba gudu ba. Ta zagaya Fijo tana shafa ta. Ban da ganyen dawa a kan gilashi, ko ƙwarzane babu. Sai a lokacin ta saki numfashi.

Saje ya iso yana haki, jama'a na biye da shi. "Kada kowa ya firgita. An isa mataki na biyu na aikin. Yanzu abin da za a yi..."

"Ba ni makullin," in ji Leah.

Shekara ashirin da biyar bai taɓa jin wannan muryar ba. 'Yan aji huɗu ne suka san ta. Hannunsa ya shiga aljihu kafin ya yi shawara da shi.

Ishaya ya kwance igiyoyi. Leah ta buɗe ƙofa, ta zauna a kan matashin mahaifiyarta, ta gyara madubi. Sa'an nan ta leƙo.

"Baban Gladys, juya baya."

"In yi me?"

"Ka juya ka fuskanci tudun can. Kada ka waiwayo sai na ce."

"Maman Gladys, a gaban mutane..."

"Saje, juya mana," shugabar zumuntar mata ta ce. "Ai an koya muku a bariki."

Ya juya. Ko a nan sai da ya buga diddige. Leah ta sunkuya kamar mai gyara takalmi, ta lalubo abin da ke ƙarƙashin kujera, ta danna, ta murɗa makulli. Injin da aka yi wa jana'iza tun bayan Ista ya tashi a murɗawa ɗaya, yana rurin da bai fi na kyanwa mai barci ba.

Mata suka buga tuluna. Leah ta sa giyar baya, ta sauko daga tirela a hankali, ta bi hanyar da tirelar ta share a cikin dawa, ta hau titi, ta tsaya daidai gaban jar a-kori-kura.

"To, waiwayo," ta ce.

Saje ya waiwayo, bakinsa a buɗe. Kafin ya sami abin zubawa a ciki, wani tsoho ya fito daga cikin dawa da fartanya a kafaɗa. Mai gonar ne. Ya dubi karan da ke kwance, ya dubi rubutun da ke jikin motar, ya dubi Saje tun daga hula har takalmi.

"Baba, a yi lissafin ɓarnar," in ji Saje. "Kamfani zai..."

"Ni ba na son kuɗinka. Ranar Litinin da sassafe ka zo ka tayar mini da karan nan ɗaya bayan ɗaya, ka ɗaure. In ta nuna kuma ka zo mu girbe. Da hannunka, ba da na ƙannenka ba."

"Ka san shi ke nan, Baba?" in ji Ishaya.

"Wa bai san shi ba?"

Aka ɗaura igiyar shanu daga Fijo zuwa a-kori-kura. Ishaya ya riƙe sitiyarin jar motar, domin Leah ta ce ba ta jan direban da ke sarawa da hannun giya. Tudun ya yi wa Fijo nauyi ita kaɗai, saboda haka sai an tura daga baya, kuma 'yan kabu-kabu suka ce sun yi nasu, mai kamfani ya fara sa kafaɗa kafin su sa. Haka Rundunar Ceton Motoci ta shiga Zuru: malamar firamare a gaba cikin farar Fijo, jar mota a tsakiya ba bamba, Saje a baya yana turi hularsa a karkace, mata talatin na biye suna gwada waƙar shigowar amarya. Ishaya yana danna hon a kowace mahaɗa, don kada wani ya ce bai gani ba. Alhaji Mode ya zo wucewa cikin mummunar motarsa da lodin dawa har sama, ya rage gudu, ya danna agwagwarsa sau ɗaya, ya haye tudun ba ko tari.

A ƙofar gida Tasalla ta miƙe daga gaban kaskonta. Ta dubi ayarin daga farko har ƙarshe.

"Sannu da ceto, Malama," ta ce.

Ishaya ya sauko ya kama hannun Saje ya juya. Ƙuraje biyu sun taso a tafin, ɗaya ya fashe.

"Madalla," in ji shi. "Golmo ya soma. Saura shekara shida da wata goma sha ɗaya da 'yan kwanaki."

Ranar Asabar Gladys ta shiga coci daga cikin motar kakanta, uwarta ce ta tuƙo ta. Bayan an tashi, Leah na tsaye a inuwa tana karɓar gaisuwa, sai ta jiyo muryar mijinta a tsakiyar dangin ango, hannunsa naɗe da bandeji har gwiwar hannu. Yana ba su labarin yadda a Laberiya ya koyi wata dabara da ba kowane soja aka koya wa ba: in inji ya mutu, ba taɓa shi ake yi ba, baya ake juya masa, a nuna masa ba a damu da shi ba, sai kunya ta tashe shi. Jiya-jiya ya yi ta a gaban shaidu talatin.

Leah ta taɓa makullin da ke cikin jakarta, ta ja zif ta rufe. Ranar Asabar ce, ba makaranta, ba ta zo da jan biro ba.